Neman shawara: an rubuta mini "you are to blame", me zan amsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da sito a wani kamfanin magunguna a Kano. Janareta ya tsaya cikin dare, firji ya huce, alluran da ke ciki suka lalace. An ba ni takardar tuhuma, a ciki aka ce "you are to blame". Da na je na yi wa manaja bayani, sai ya ce "I don't blame you". To wanne zan kama? Don Allah a taimaka, gobe zan miƙa amsa.

Malamin Turanci: Wa'alaikumus salam. "You are to blame" na nufin alhakin abin a wuyanka yake, wato sun riga sun ɗora maka. Wajen rubutu kuwa, in mutum ya biyo bayan kalmar "blame" sai ka sa "for": "They blamed me for the loss". In asarar ce ta biyo baya sai "on": "I blame the loss on the generator". Kada ka sa "of", wannan na "accuse" ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe.

Wata ma'aikaciya: Ɗan'uwa, kada maganar manaja ta sa ka saki jiki. A bakin Bature takan zama "na fahimce ka, ni ma haka zan yi". A nan Najeriya kuma sau tari gatse ce, irin "ai ba laifinka ba ne" da ake faɗa ana taɓe baki. Da wace murya ya faɗa? Ko ma da wacce, takarda ce ke shiga fayil ɗinka, ba maganar baki ba.

Mai tambaya: Hajiya, ya faɗa ne a natse, har ya ba ni kujera.

Tsohon akawu: Madalla, amma yaro, kada ka sa kalmar "blame" ko kaɗan a amsarka, don tana kama da nuna yatsa. Rubuta "The loss was caused by generator failure", ka faɗi ƙarfe nawa ya tsaya da wanda ka sanar, ka haɗa da kwafin littafin da kuke rubuta sanyin firji. Kuma kada ladabi ya sa ka rubuta "I take the blame", wato "na ɗauki laifin". Da shi za su kafa hujja su cire kuɗin alluran daga albashinka.