Gasar dogayen benaye tsakanin birane: ci gaba ne ko ado ne kawai?

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abinda ya daɗe yana min yawo a rai, nace bari in kawo shi nan ko masana gine-gine da tsara birane za su warware min. Duk inda ka samu manyan birane biyu a ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya sai ka tarar suna gasar gina dogayen benaye na ofisoshi a tsakiyar gari, wannan yayi mai hawa 50 wancan yace shi sai 70. New York da Chicago sun kwashe shekaru suna yi, yanzu ga Dubai da Saudiyya, Burj Khalifa mita 828 ne amma wanda ake ginawa a Jidda ance sai ya haura mita 1,000. To wai ginin ne yake jawo kamfanoni da aikin yi, ko sai kasuwanci ya zo tukunna gini ya biyo baya? Dan abinda ke ɗaure min kai, tun bayan korona ake cewa ofisoshi sun zama kango a birane irin San Francisco saboda mutane na aiki daga gida, amma kuma ba a fasa ginawa ba. In birni yana son ya kere abokin gasarsa, ina ya kamata ya fara zuba kuɗi?

Injiniya_B:

Wa alaikumus salam malam Abban Sadiq. Asalin dogon bene lissafi ne ya haifar da shi ba gasa ba. Fili yayi tsada a tsakiyar gari, kowa yana son ofishinsa kusa da banki da kotu da tashar jirgin ƙasa, to mai fili ba shi da wata dabara sai ya hau sama. Bayan gobarar Chicago ta 1871 aka sake gina garin, ga lif ya samu ga ƙarfen gini, sai a 1885 aka kammala Home Insurance Building mai hawa 10 kacal, shi ne da yawa ke ɗauka na farko a wannan layin. Kaga buƙata ce ta riga gini.

Inda gasa ta shigo nan ake fara asara. Benen Empire State na New York an buɗe shi a 1931, mita 381, an gina shi ne don ya wuce benen Chrysler da aka gama shekara ɗaya kafin nan, sai ya faɗo daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, hawa hawa babu ɗan haya ko ɗaya, sai wajajen 1950 ya fara kawo riba. Kuma fa wannan New York ce da kanta.

Amma misalin da na fi so mutum ya duba shi ne Montreal da Toronto a Kanada. Da can Montreal ce uwa, nan manyan bankuna da kamfanonin inshora suke. A 1959 aka buɗe hanyar ruwa ta St. Lawrence, manyan jiragen ruwa suka fara wucewa ciki ba sai sun tsaya sun sauke kaya a Montreal ba, sannan a 1977 lardin Quebec, inda Montreal take, yayi dokar da ta ɗora Faransanci a harkar aiki da kasuwanci, ga kuma maganar ɓallewa daga Kanada tana tashe. A 1978 kamfanin inshora na Sun Life ya sanar zai kwashe hedikwatarsa ya koma Toronto, wasu ma suka bi. Babu wanda ya tashi saboda benen Toronto ya fi tsawo. Hankalin masu kuɗi ne ya fi kwanciya a can, shi yasa benayen suka yi ta tsirowa.

Maman_Ilham:

Injiniya ka faɗi gaskiya, bari in ƙara da abinda na gani da idona lokacin da nake karatu a Johannesburg. A tsakiyar garin akwai Carlton Centre, hawa 50, mita 223, tun 1973 yake tsaye kuma ya daɗe yana riƙe da kambun bene mafi tsawo a Afirka. In ka hau hawan ƙarshe ka leƙo ta gilashi sai kace wannan gari ya gama haɗuwa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kana sauka sai kaga otal ɗin da ke manne da shi a rufe, kaɗan gaba ga benaye da tagogi a farfashe an toshe wasu da kwali, shanya a rataye a inda da ofis ne. Kamfanonin ba wani birni suka gudu ba, Sandton suka koma can arewacin garin, hatta kasuwar hannun jari ta bi su a 2000, kuma The Leonardo da ya zo ya wuce Carlton a tsawo a 2019 a Sandton ɗin aka gina shi.

Abinda ya fi taɓa min zuciya shi ne benayen da masu su suka watsar, wasu suka mamaye suna karɓar haya a hannun talakawa ba ruwa ba wuta ba ƙofar tsira. A Agustan 2023 gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu mutum sama da 70 suka rasu. Shi yasa ni in ana maganar tsakiyar gari tambayata ɗaya ce, waye yake kwana a wurin, kuma mace za ta iya tafiya a ƙafa bayan magariba hankalinta kwance? In ƙarfe biyar na yi kowa ya ja motarsa ya bar wurin to mutuwa yake yi a hankali ko da benen ya taɓo gajimare.

Dan_Kasuwa77:

Ni kam ban yarda da ku gaba ɗaya ba gaskiya. Kuna ɗauko inda abin ya lalace kuna barin inda ya yi kyau. Pudong fa a Shanghai? Kafin 1990 gonaki ne da rumbunan ajiye kaya a tsallaken kogi, gwamnati tace nan za a yi cibiyar kuɗi, mutane na ganin kamar ba zai yiwu ba, yau ga Shanghai Tower mita 632 a wurin kuma ana haɗa sunan garin da Hong Kong. Dubai ma haka, ai gini suka fara yi duniya ta juyo ta kalle su, yau wa bai san Burj Khalifa ba? Suna ma jari ne. Kuma kamfani babba in zai shigo da ma'aikata dubu biyu ba zai zauna jiran ka gina masa ofis shekara huɗu ba, inda ya tarar an shirya nan zai sauka. Wanda ya tsaya sai buƙata ta zo tukunna maƙwabcinsa ne zai cinye kasuwar.

Injiniya_B:

Dan Kasuwa maganarka ta ƙarshe na karɓa, birnin da ba shi da ofis mai kyau a shirye yana rasa baƙi. Amma Dubai ba da bene ta fara ba. Tashar ruwa ta Jebel Ali 1979 ce, kamfanin jiragen Emirates 1985, sai a 2004 suka buɗe DIFC, unguwar harkar kuɗi mai kotunanta da dokokinta daban da turanci, wannan shi ya jawo bankuna. Burj ɗin a 2010 ya zo, kuma ka tuna Burj Dubai ne sunansa da farko, bashi ya shaƙe su a ƙarshen 2009 sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10, ranar buɗewa aka raɗa masa sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi na lokacin. Ita ma Riyadh da ta tashi karɓe kamfanoni daga Dubai ai ba ta tsaya kan benayen unguwar kuɗi ta Sarki Abdullah ba, doka ta yi cewa daga Janairun 2024 kamfanin da bai kafa hedikwatarsa ta yankin a Saudiyya ba ba zai samu kwangilar gwamnati ba. China kuwa da kanta ta hana gina sabon bene da ya wuce mita 500, bayan irin su wani mai kusan mita 600 a Tianjin da aiki ya tsaya cak a 2015.

Duba Canary Wharf a Landan ma. An gama babban benen a 1991, a 1992 kamfanin da ya gina wurin, Olympia & York, ya karye, dan babu hanyar kirki da za ta kai ma'aikata. Sai da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee ya isa a 1999 wurin ya tashi sosai.

Batun Maman Ilham na masu kwana, shi Calgary ta Kanada take ƙoƙarin gyarawa. Farashin mai ya faɗi a 2014, kusan kashi ɗaya cikin uku na ofisoshin tsakiyar garin suka zama ba kowa, a 2021 hukumar birnin ta fara biyan masu benaye tallafi su mayar da su gidajen zama. Kuma aikin ba sauƙi, dan ofis banɗakunansa duk a tsakiya suke kusa da lif, gida kuwa kowane ɗaya sai an ja masa bututun kicin da na banɗaki, ma'ana ka huda dakalin siminti hawa bayan hawa, sannan in benen yana da faɗi sosai ɗakunan ciki ba za su samu taga ba, wa zai kama ɗakin kwana ba taga? Shi yasa tsofaffin sirara sun fi karɓar gyara akan manyan na gilashi.

Abban_Sadiq:

Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Injiniya saura abu ɗaya, irin abinda Masar take yi fa, da ta bar Alƙahira ta je hamada tun 2015 tana gina sabon babban birni da bene mai kusan mita 400, ga ma'aikatu an fara kwashe su can, wannan a wane layi za ka saka shi, na Pudong ko na Sandton? Dan ni tunanina yana kan tsohon garin da za a bari a baya.