Ƙaramar kwaleji a Amurka: ilimi ne ko tarkon bashi?

Kawu: Salamu alaikum. Hajiya, na ji 'yarki ta samu gurbi a irin ƙananan kwalejojin nan da ɗalibansu ba su wuce dubu biyu ba. Allah ya sa albarka. Amma ni a ganina tarko ne. Shekara huɗu ana tarihi da falsafa, a fito ba sana'a a hannu, ga bashi a wuya. Mutum sama da miliyan 40 gwamnatin Amurka ke bi bashin karatu, kuɗin ya kai dala tiriliyan 1.6.

Anti Malama: Wa alaikumus salam. Kawu, ka yi musu kuɗin goro. Kwalejin Amherst ta daina sa bashi cikin tallafin ɗalibanta tun 2008, Williams ma tallafinta kyauta ne zalla tun 2022. A takarda kuɗinsu ya haura dala 80,000 a shekara, amma ɗan talaka kaɗan yake biya, wani ma ko sisi. Berea da ke Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu sam, ɗalibi dai zai yi wa makaranta aikin akalla awa goma a mako.

Kawu: To bayan an fito fa? Wa zai ɗauki mai digirin falsafa?

Ƙanin Hajiya: Ku daina musu da ka. Akwai College Scorecard, shafin intanet na ma'aikatar ilimin Amurka. Tun 2015 ake sa abin da tsofaffin ɗaliban kowace makaranta ke samu shekara goma bayan shigarsu. Na duba, inda ake injiniyanci da kwamfuta irin kwalejin Harvey Mudd suna can sama. Kawu bai yi ƙarya duka ba.

Anti Malama: Lissafin nan na waɗanda suka karɓi tallafi ko bashin gwamnatin tarayya ne kawai, ka sani. Kuma wanda ya zaɓi koyarwa albashinsa kaɗan ne ko ina ya yi karatu. Ni shaida ce.

Hajiya: Ni duk kun ruɗa ni. Takardar da suka aiko tana gabana. An rubuta tallafi mai kauri a sama, har na yi guɗa. Can ƙasa kuma ga wani layi, Parent PLUS, da kuɗi a gabansa.

Anti Malama: Yauwa Yaya, nan gizo ke saƙa! Wannan ba kyauta ba ce, bashi ne da sunanki, ruwansa ya fi na ɗalibi. Yarinya da ke ƙarƙashin iyayenta ba za ta ci bashin tarayya sama da dala 31,000 a duk digirin farko ba. Makarantar da asusunta ba nauyi, giɓin da ya rage kan iyaye take turo shi. Irinsu ne kuma ke rufewa, kamar kwalejin Birmingham-Southern a 2024.

Kawu: Ashe mun dawo kan maganata. Ga kuma ruwan bashin, wato riba. Kada ma a sa ran yafiya, Kotun Ƙoli ta soke shirin Shugaba Biden na yafe bashin karatu a 2023.

Anti Malama: Ba mu dawo ba, Kawu. Kai cewa ka yi dukansu. Ni na ce a duba aljihun makarantar tukuna.

Ƙanin Hajiya: Yaya, ɗauki hoton shafin ki turo min. Kada ki sa hannu a komai. Ana rubuta wa ofishin tallafi a nemi ƙari, musamman in wata makarantar ta ba ta fiye da haka.

Hajiya: Jami'ar jihar ma ta ba ta gurbi, ita ce dai ta ƙi. Bari ta dawo daga aiki mu turo duka biyun.