Dan Allah wa ya taɓa haɗa bargo da kayan wanda ya rasu?

Autar_Gida:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta rasu bara, akwai wasu riguna da zannuwanta da na kasa rabuwa da su, suna nan cikin akwati, ni ba sawa zan yi ba don sun min yawa, kuma duk ranar da na buɗe akwatin nan sai na yi kuka. Na ga mutane suna yayyanka irin kayan nan su harhaɗa ƙyallayen su yi bargo, abin ya kwanta min a rai amma wallahi da na ɗauki almakashi sai jikina ya mutu. Ina da keke, ɗinki miƙaƙƙe dai na iya. Ta ina ake farawa? kuma wanda ya yi, bai yi da-na-sanin yankawa ba?

Mai_Zare_da_Allura:
Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Ɗinki miƙaƙƙen nan shi kaɗai kike buƙata. Bargon hawa uku ne, sama ƙyallayen da kika haɗa, tsakiya auduga ko wani siririn bargo, ƙasa kuma shafi, sai ki bi su da ɗinki duka ukun don kar cikin ya tattare in an wanke. Ki fara wanke kayan daban daban tukuna ki ga wanda yake zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, don in kika haɗa shi da fari wanki ɗaya ya ɓata miki aikin wata guda. Ki yi guga, ki yanko kwali murabba'i kamar inci 6, shi za ki riƙa ɗorawa kina zanawa kina yankawa don su zo daidai, ki bar kwatan inci na bakin ɗinki. Duk layin da kika haɗa ki goge bayansa kafin ki haɗa na gaba, mutane na raina gugar nan amma ita ke sa bargo ya kwanta. Yadi mai talewa ko wanda ya yi laushi sosai ki manna masa gam, wato siririn yadin nan da ake mannawa da guga, ta baya kafin ki yanka in ba haka ba keke zai ja shi ya karkace.

Malama_Tarihi:
Allah ya gafarta mata. Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, abin da zuciyarki ta raya miki mutane sun daɗe suna yi. A Bangladesh da gabashin Indiya akwai kantha, tsofaffin sari ake jerawa a kan juna a bi su da ƙananan ɗinkin hannu, sau da yawa jariri ake lulluɓawa da shi, kin ga yaro ya kwanta cikin kayan kakarsa ke nan. A Amurka kuma akwai matan wani ƙauye Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayi, da tsofaffin kayan gona suke nasu, wandon da gwiwarsa ta koɗe da rigar da ta sha faci, a 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston duniya ta yi ta mamaki. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na tunawa da waɗanda ƙanjamau ya kashe, wanda wani mai fafutuka Cleve Jones ya fara a San Francisco a 1987, kowane mamaci an yi masa ƙyalle ƙafa 3 da ƙafa 6, girman kabari ke nan, dangi su ɗinka sunansa da guntun rigarsa. Ranar farko da aka shimfiɗa shi a Washington a watan Oktoba na wannan shekarar, ƙyallaye 1,920 ne.

Shawarata ɗaya, kar ki zaɓi masu kyau kawai. Na adon da ta sa sau biyu ba za su tuna miki komai ba, wanda kika saba ganinta da shi kullum da safe shi ne zai tsayar da ke in kika gan shi.

Baban_Biyu:
Ni dai zan ɗan bambanta. Matata ta yi min da rigunan mahaifina kuma ya yi kyau sosai, har aljihun gaba ta bari da maɓallinsa, amma gaskiya na daɗe ban iya rufa da shi ba, sai yanzu da yara ke nuna ƙyalle suna tambaya wannan fa ta ina ce nake jin daɗinsa. In hannunki ya ƙi kar ki tilasta shi, kaya ba gudu za su yi ba. Ki ware guda ɗaya da ba za a taɓa ba ko kaɗan, kuma ki yi magana da 'yan uwanki kafin ki sa almakashi, wani ma yana da rigar da ransa ke kai bai faɗa ba.

Autar_Gida:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Maganar 'yan uwa ta shige ni, zan kira yayata yau. Malama akwai wata koriyar riga da ta fi sawa, hannun ya ɗan ƙone kuma da tabon da ya ƙi fita, dama na cire ta don ina ganin za ta ɓata bargon. Sannan ƙamshinta fa? in na wanke ai shi ke nan ya tafi, shi ne abin da ya fi damuna.

Mai_Zare_da_Allura:
Koriyar nan ki sa ta a tsakiya ma, da tabon da komai, ki dai sa wani ƙyalle a bayan ƙunar ki zagaye ta da ɗinkin hannu don kar ta ƙara buɗewa. Ƙamshi kuwa gaskiya wanki zai tafi da shi, shi ya sa wadda za ki ware ɗin ta zama wadda ta fi riƙe shi, kar ki wanke ta. Ki fara da rigar matashin kai tukuna ki ga yadda zuciyarki za ta ɗauka. In kin gama bargon ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a baya da sunanta da shekara da sunan wadda ta haɗa, kar ki ajiye shi cikin leda don yana jawo rima, kar kuma ki bar shi inda rana ke dukansa kullum, koɗewa zai yi. In kin zo haɗa hawa ukun ki min magana, wurin nan ne sababbi suka fi shan wahala.