Ɗigo-ɗigo masu launi suna fitowa a allon kwamfutata idan na shiga wasa

Ɗan Hindawiyya:
Assalamu alaikum yayyena, daga Makka nake. Kwamfutar tebur ce, katin hotonta RTX 3080 na hannu ne, akwatin wutarta wat 650, monita kuma 1440p a kan 165Hz ta wayar DisplayPort. Idan kallon bidiyo nake ko rubutu, lafiya lau. Amma da na shiga wasa mai nauyi, bayan minti 15 zuwa 20 sai ƙananan ɗigo kore da ja su bazu a allon, wani sa'in ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo. Sau biyu ma ta mutu gaba ɗaya ta tashi da kanta. Abin ya fi tsanani da azahar. Katin ne ya lalace ko monitar?

Mai Gyara, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu uku ka lissafa, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba ne, don haka kada ka sayi komai tukuna.

Da ɗigon ya fito, ka ɗauki hoton allo daga cikin Windows, ka tura shi wayarka ka duba. In ɗigon yana cikin hoton, daga katin ko direbansa (manhajar da ke sarrafa katin) ya fito, monita ba ta da laifi. In hoton ya fito fes, tsakanin wayar DisplayPort da monita abin yake: ka sauke gudun monitar zuwa 60Hz, ka canza kafar da ka soka a bayan katin, ka gwada wata wayar da ba ta wuce mita 2 ba. Wayar da ta gaji takan iya ɗaukar 60Hz amma ta kasa 165Hz.

Baƙin allo na daƙiƙa biyu kuwa, galibi Windows ce ta ga direba ya daina amsawa ta sake tayar da shi. Ka buɗe Event Viewer, wurin da Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, ka nemi lamba 4101 mai ɗauke da sunan nvlddmkm, wato direban katin. In ka gan ta, ka shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ka goge direban da manhajar DDU, ka cire intanet kafin ka ɗora sabo don kada Windows ta riga ka ɗora nata. Sai dai gaskiya, matsalar da ke jira sai an yi minti 15 ana wasa ba ta yi mini kama da ta direba ba.

Injiniya, Madina:
Na yarda da maganar ƙarshe ta Malam Mai Gyara. Abin da ke zuwa bayan kwata na awa, kuma ya fi muni da azahar, zafi ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a duba zafin ƙwaƙwalwar katin (babban guntun da ke sarrafa hoto) kawai, a ga digiri 72, a ce babu komai. RTX 3080 tana amfani da ma'ajiya nau'in GDDR6X, wadda ke da zafi sosai, kuma tana da nata ma'aunin daban. Ka sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafin na'ura, ka bar ta a buɗe kana wasa, sannan ka duba lambobi uku: zafin ƙwaƙwalwa, zafin wuri mafi zafi a cikinta, da zafin ma'ajiya. Tsakanin na farko da na biyu, tazarar digiri 10 zuwa 15 daidai ce. In ta haura 25, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Ma'ajiya kuma in ta kai wajen 110, katin da kansa yake rage gudu don kare kansa.

Ka tuna katin nan a 2020 ya fito, kuma da yawa daga irinsa sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana har zuwa Satumban 2022, aikin da ma'ajiya ce ke ɗaukar wahalarsa.

Gwajin da ba ya cin ko riyal ɗaya: ka buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, ka rage gudun ma'ajiya da 500MHz, ka sa iyakar wuta kashi 80 cikin 100, ka ɗaga fanka zuwa kashi 75. Ka cire murfin gefen kwamfutar, ka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. In ɗigon ya ɓace, mun gano bakin zaren. Ƙurar Makka ba wasa ba ce, ka fitar da kwamfutar waje ka hure ta da iska, amma ka riƙe fankokin da yatsa kada iskar ta juya su fiye da kima.

Baban Zainab, Riyad:
'Yan'uwa kun bar mutuwar da take yi ta tashi da kanta, kuma ita ta fi damuna. Katin nan yana jan wat 320, Nvidia ma wat 750 ta ce a ba shi, yaron nan kuma 650 gare shi. Bayan haka yakan yi fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido wadda ta wuce haka nesa, sai na'urar kariya ta akwatin wuta ta yanke. A Event Viewer za ka ga Kernel-Power 41 a daidai lokacin. Ka leƙa ciki: kowace kafar wuta mai haƙora 8 da ke jikin katin an tsara ta ne a kan wat 150, don haka kowacce ta samu wayarta daban tun daga akwatin wuta. Kada a ciyar da kafa biyu da waya ɗaya mai reshe.

Ɗan Hindawiyya:
Allah ya saka da alheri. Ɗigon ya fito a cikin hoton allon. Ƙwaƙwalwa 74, wuri mafi zafi 88, ma'ajiya 108. Waya ɗaya ce mai reshe, na mayar da su biyu. Da na rage gudun ma'ajiya na yi awa biyu ban ga ɗigo ba, ba ta kuma mutu ba. Yaya Injiniya, in bar ta haka?

Injiniya, Madina:
Za ka iya wasa a haka na ɗan lokaci, amma 108 ya yi yawa. Man ƙwaƙwalwa lafiyarsa lau, tazarar 14 ce. Faifan roba masu ɗaukar zafi da ke kan ma'ajiya su ne suka gaji. Kafin ka saya, ka nemi kaurin da ya dace da ainihin samfurin katinka, don kamfanoni sun bambanta, daga milimita 1 zuwa 3. In ya yi kauri, ƙarfen ba zai zauna a kan ƙwaƙwalwa ba, zafinta ya tashi. In ya yi siriri, ba zai taɓa ma'ajiya ba. Tunda za a buɗe, dole a goge tsohon man da barasar goge-goge mai ƙarfin kashi 99 a sa sabo. Bayan an rufe, ka mayar da gudun ma'ajiya yadda yake, ka yi gwajin ma'ajiyar kati a manhajar OCCT na minti 30. In ta nuna kuskure alhali zafin bai kai 95 ba, ɗaya daga cikin guntayen ma'ajiyar ya taɓu, sai mai injin narka dalma ya canza shi.