Karatun shari'a: Tahoua ko Yamai?

Hajiya Ramatu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗiyata ta samu bak bana, ta kafe sai karatun shari'a, alƙali take so ta zama. Muna zaune Tahoua. In bar ta nan jami'ar Djibo Hamani ko in tura ta Yamai?

Malam Idi: Barka da arziki Hajiya. Ki bar ta kusa da ke tukuna. Nan ma ana karantar da shari'a, kuma tsarin ɗaya ne da na jami'ar Abdou Moumouni: lisans shekara 3, mastar shekara 2. In ta gama lisans sai a yi zancen Yamai, lokacin ta yi wayo.

Zainabu: Inna, ni a Yamai na yi, kuma abin da na ga yana kada ɗalibai a shekarar farko rubutun Faransanci ne. Mutum ya hardace darasi tsaf, a miƙa masa hukuncin kotu a ce ya yi sharhi, sai hannu ya tsaya. Ta fara karatu da rubutu tun wannan hutun, kuma kada ta yi wasa da TD, wato darasin aiki a ƙaramin aji, can ne malami ke ganin takardarta da idonsa. A babban aji murya kawai za ta ji.

Baba Salifu: Shekaruna da yawa ina aikin rubuta shari'a a kotu, bari in ƙara. Digiri kaɗai ba ya sa mutum kujerar alƙali, sai ta ci konkur, wato jarrabawar gasa, ta shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a, EFJN. Amma ga abin da ya fi damuna. Yara na zuwa mana da dokar Faransa a kai, alhali gardamar gona, gado da aure a ƙasar nan sau da yawa bisa al'adar masu ƙara ake yanke ta, alƙali na zaune da masana al'ada a gefensa. Na ga matashi ya yi zuru gaban tsoho a kan iyakar gona da gawo ɗaya ke nunawa. Ta riƙa zuwa kotun Tahoua tana sauraro ranar zama, ƙofa a buɗe take, kuma ta karanta dokar karkara ta 1993. Hausarta ma jari ce, kada ta raina ta.

Zainabu: Gaskiya ne Baba. Kuma in konkur ɗin bai yi ba, akwai lauya, notar (mai tabbatar da takardu bisa doka), ko aikin banki da kamfani. Can dokokin kasuwanci na OHADA ake nema, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ƙasashe 17 ke aiki da su.

Hajiya Ramatu: Allah Ya saka da alheri. Baba Salifu, yarinya ƙarama za su bar ta ta shiga ita kaɗai?

Baba Salifu: Za su bari, sai dai shari'ar da aka rufe. Karon farko dai ta je da wanta, su zauna baya, ta riƙe littafi da biro.