Farashi ya canza, tsoffin rasit sun rikice: a wane tebur zan ajiye shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A PostgreSQL, manhajar adana bayanai a tebura, na raba teburin ciniki gida huɗu don ya kai matakin 3NF (ƙa'idar tsara tebura don kauce wa maimaita bayani): kwastoma, kaya, oda, sai oda_kaya mai lambar oda, lambar kaya da adadi. Farashi yana teburin kaya kaɗai.

Da aka ɗaga buhun shinkafa daga naira 60,000 zuwa 70,000, sai jimillar tsoffin rasit ta tashi, tunda JOIN, umarnin da ke haɗo bayanai daga tebura, farashin yau yake ɗaukowa.

In ƙara farashi a oda_kaya? A ganina ba maimaici ba ne, ya dogara da oda da kaya tare. Ko teburin tarihin farashi mai ranar farawa da ƙarewa ya fi, alhali ana yi wa wasu kwastomomi ragi? Don Allah a taimaka.