Tambaya: Yaya motocin da kamfanoni ke kai wa duniyar wata suke aiko da saƙo gida?

Ɗan_Kawo:
Assalamu alaikum. An ce Nokia ta kai 4G duniyar wata a 2025 domin ƙananan motocin bincike na kamfanoni masu zaman kansu. Abin ya ɗaure mini kai. A nan ko hanyar Kaduna zuwa Abuja ka hau, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, to ta yaya 4G zai ratsa kilomita 384,400 da ke tsakanin wata da Duniya? Kuma na ga yawancin motocin nan ba sa kai labari. Matsalar sabis ce ke kashe su?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, ƙanina. 4G ɗin ba ya zuwa Duniya ko kaɗan. Layi biyu ne.

Na farko gajere ne, tsakanin motar da kumbon da ya sauke ta. Nan 4G ko Wi-Fi ke aiki. Nokia ta haɗa duk kayan da ke ƙarfen sabis da na cibiya cikin akwati guda, aka ɗaura shi jikin kumbon Athena na kamfanin Intuitive Machines, ita kuma motar MAPP ta Lunar Outpost aka sa mata nata ƙaramin rediyo. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta ba Nokia dala miliyan 14.1 a 2020 don aikin. Abin da ke taƙaita wannan layi shi ne ƙanƙantar wata: doronsa na saurin lanƙwasawa. Eriya mai tsayin mita 4 tana hango kusan kilomita 3.7 ne kawai, ta motar mai rabin mita ta ƙara 1.3. Kilomita 5 ke nan a shimfiɗaɗɗen wuri. Motar ta gangara rami ko ta zagaya bayan dutse, magana ta yanke.

Na biyu shi ne dogon, daga kumbo zuwa Duniya. Umarni da bayanan lafiyar na'ura kan bi zangon rediyo da ake kira S, wajen gigahaz 2, hotuna kuma galibi zangon X, wajen gigahaz 8.4. A zangon X sigina na rasa kusan desibel 223 (ma'aunin ƙarfin sigina) a hanya, shi ya sa sai manyan dish ke kama shi da kyau: na NASA masu faɗin mita 34 da 70 a Goldstone ta Amurka da Madrid da Canberra ta Ostireliya, ko na haya irin na Goonhilly a Ingila mai mita 32.

Me zai hana motar ta yi magana da Duniya da kanta? Nauyi da wuta. Motar kilo 5 ko 10 ba ta da sola da batirin da za su ciyar da babban rediyo, ga eriyar da dole a riƙa saita ta daidai Duniya duk inda aka juya. Ga kuma zafi: babu iska a can, fanka ba ta da amfani, zafin rediyo sai an bi da shi ta ƙarfe zuwa farantin da zai fitar da shi, alhali ƙasar kan kai digiri 120 da rana.

Malama_UnguwarRimi:
Injiniya ya gama da layukan. A kan tambayarka ta biyu, Malam, amsar ita ce a'a. Motocin ba sa ma kaiwa ga gwada sabis, galibi a wurin sauka ake rasa su.

Afrilun 2023 kumbon Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan ya ɗauki motar Rashid ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Da ya wuce ta kan bakin wani babban rami, ma'aunin tsayi ya nuna canji kwatsam, manhajar ta ɗauka na'urar ce ta lalace, ta daina yarda da ita. Kumbon ya zaci ya taɓa ƙasa alhali saura kusan kilomita 5, ya yi ta ƙona mai har ya ƙare, ya faɗo. Janairun 2024 kumbon Peregrine na kamfanin Astrobotic, da ƙaramar motar Iris a jikinsa, mai ya zube masa tun a hanya, bai ma isa ba. Yunin 2025 ispace ta sake rasa kumbon Resilience da motar Tenacious saboda ma'aunin nisa na leza.

Shi Athena da ka ji labarinsa ya sauka ranar 6 ga Maris 2025, amma a kan gefensa, cikin rami kusa da ƙuryar kudu ta wata. Sola ba ta samun rana, MAPP ta kasa fita. Akwatin Nokia minti 25 kawai ya samu wuta. Ya kunnu, sai dai ba a kai ga haɗa shi da motar ba. Haka kumbon Odysseus, shi ma na Intuitive Machines, ya karkace a Fabrairun 2024, wasu eriyoyinsa suka kalli ƙasa, bayanai suka riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya sauka a tsaye shi ne Blue Ghost na kamfanin Firefly, 2 ga Maris 2025, ya yi mako biyu yana aiko hotuna. Ni a ganina kamfanin da ke son motarsa ta yi aiki, ya fara duba ƙafafun kumbon da ma'aunin tsayinsa kafin ya tambayi saurin data.

Ɗan_Kawo:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. To dish ɗin talabijin da muke ɗaurawa a gidaje zai iya kama siginar?

Rigasa_RF:
Ba yadda yake ba, ɗan'uwa. LNB ɗinsa, wato kan dish ɗin da ke karɓar sigina, na gigahaz 10.7 zuwa 12.75 ne, bai san zangon S ko X ba. Sannan tauraron da yake kallo, irin NigComSat-1R, yana tsaye cak a kilomita 35,786, wata kuwa ya ninka wannan nisa fiye da sau 10, wato sigina ya raunana fiye da sau 100, kuma yana tafiya kusan digiri 15 duk awa. Dole sai da injin da zai riƙa juya dish ɗin. Dish mai mita 34 yana tara sigina fiye da sau 1,400 na mai santimita 90. Masu sha'awar rediyo kan canza kan dish su haɗa da SDR, wato rediyon da ake sarrafawa da kwamfuta, su ga alamar cewa kumbo na raye, amma ciro hoto daga ciki wani aiki ne daban.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne jinkiri. Saƙo na cin daƙiƙa 1.3 zuwa, 1.3 dawowa, kafin a ƙara na kwamfutoci da intanet tsakanin dish da ɗakin aiki. Don haka ba a tuƙa motar kamar wasan gem. A ɗauki hoto da kyamara biyu, a auna duwatsu, a tura umarnin 'yan mitoci, ta tsaya, a sake dubawa. Ana kuma sa mata doka a manhaja: in sigina ya ɓace na wani lokaci, ta tsaya ko ta koma inda ta ji kumbo na ƙarshe.

A ƙuryar kudu Duniya na maƙale ne a ƙasa-ƙasan sama, tudu ɗaya ya isa ya tare ta. A bayan wata kuwa ba a ganin ta sam, shi ya sa Sin ta fara harba tauraron Queqiao mai miƙa saƙo a 2018 kafin ta sauke motar Yutu-2 a Janairun 2019. Duk kamfanin da ke son can, sai ya nemi mai miƙa masa saƙo tukuna.